Ranar hutu ɗaya a Istanbul: Kasimpasha ko Karagumruk?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa sari Istanbul ya san yadda Lahadi take. Yawancin shagunan sari na Laleli da Merter a kulle suke, babbar kasuwar nan mai rufi ma, Kapali Charshi, ba ta buɗewa. An gama ciniki, an miƙa kaya ga 'yan kargo, sai mutum ya kwanta a ɗakin otal yana latsa waya har la'asar. Wasu kan je su bi dogon layin shiga Aya Sofiya, wasu su nufi titin Istiklal, inda ko wurin sa ƙafa babu. Ni shawarata ga mai son ƙwallo, mai son abincin da aka dafa don 'yan gari ba don baƙi ba, ita ce ya shiga unguwar masu neman na kansu ya wuni a can.

Unguwanni biyu nake so in ɗora a sikeli, Kasimpasha da Karagumruk. Duka biyun na ma'aikata ne: direbobi, teloli, makanikai, da dattawa 'yan fansho da ke wuni a shagon shayi suna kaɗa cokali a ƙaramin kofin gilashi. Kowacce tana da tsohuwar ƙungiyar ƙwallo mai sunan unguwa, ta Kasimpasha an kafa ta a 1921, ta Karagumruk a 1926. Mashigin ruwan Halich ne ya raba su. Karagumruk tana cikin tsohon birni, a gundumar Fatih, dab da ganuwa. Kasimpasha tana tsallake, a gundumar Beyoglu, cikin kwarin da ke ƙasan Istiklal. Wanda bai sani ba zai ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, amma wunin da za ka yi a ɗaya ba irin wanda za ka yi a ɗayar ba ne, kuma mai rana ɗaya tak dole ya zaɓa.

Na san inda zuciyar ɗan Arewa za ta fara karkata. Karagumruk ce, saboda Ahmed Musa. Bayan ya dawo Kano Pillars a watan Afrilun 2021, a watan Yuli na shekarar ya sa hannu da Fatih Karagumruk, ya yi kakar wasa guda kafin ya koma Sivasspor a Satumbar 2022. Daga lokacin sunan ya zauna a bakin masu sauraron labarin wasanni a rediyo. Ga shi kuma Andrea Pirlo ya horar da ƙungiyar a kakar 2022/23, lokacin da ɗan Senegal Mbaye Diagne ya ci mata ƙwallo 23. Ƙungiya ce mai jar riga da baƙi, magoya bayanta kuma sun yi suna wajen zafin kishin unguwarsu.

Sai dai ga abin da ya kamata ka sani tun kafin ka ɗaura takalmi: manyan wasannin Karagumruk ba a Karagumruk ake buga su ba. Filin unguwar shi ne filin Vefa, kuma bai cika sharuɗɗan babbar gasar Super Lig ba. Tun da ƙungiyar ta hau babbar gasa a 2020, yawancin wasanninta na gida can filin Ataturk na Olimfik take kai su, a Ikitelli, bayan gari ta yamma. Shi ne filin da Liverpool ta farke ƙwallo uku ta doke AC Milan a bugun fanareti a 2005, kuma nan Manchester City ta ci Inter 1-0 ta ɗauki kofin zakarun Turai a 2023. Fili ne mai cin mutum sama da 70,000, da hanyar 'yan tsere kewaye da ciyawa, ga iska mai kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Ka zuba 'yan dubban magoya bayan ƙungiyar unguwa a cikinsa, sai su zama kamar ba kowa. Daga Aksaray, maƙwabciyar Laleli, sai ka canja jirgi kafin ka isa, zuwa da dawowa kuma za su cinye maka rabin yini. Ƙungiyar ma hawa da sauka take yi: ta faɗa rukuni na biyu a 2024, ta sake haurowa a 2025. Wanda ya je can ya ga filin tarihi, wannan gaskiya ne, amma bai ga unguwa ba, bai ci abincinta ba.

Duk da haka filin Vefa kansa abin a je a gani ne, ko da babu wasa. Yana bakin titin Fevzi Pasha, amma ba sama yake ba, ƙasa yake. Asalinsa ƙaton tafkin ajiye ruwa ne da Rumawa suka gina a shekara ta 421, tsawonsa mita 244, faɗinsa mita 85, zurfinsa ya haura mita 13. Da ruwan ya ƙare aka mayar da ramin lambu a zamanin Daular Usmaniyya, daga baya a ƙarni na 20 aka mayar da shi filin ƙwallo. Kana tsaye a gefen titi motoci na wucewa ta bayanka, sai ka leƙa ƙasa ka hango raga da ciyawa a cikin rami, tsohon bangon jan bulo da dutse na riƙe da ƙasar unguwa. Ban san wani filin ƙwallo mai irin wannan zama ba, kuma nan ne ruhin ƙungiyar yake ko da ƙafafunta suna Ikitelli.

Kasimpasha kuwa a gida take wasanta. Filinta, mai sunan Shugaba Recep Tayyip Erdogan, an buɗe shi a 2005, yana cin mutum wajen 14,000, kuma a jikin gangaren unguwar aka dasa shi. Idan ka tsaya a tudun Tepebashi, kusa da tsohon otal ɗin Pera Palas, za ka hango shi a ƙasanka da gidajen unguwa sun kewaye shi. Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Shishhane, a layin M2, 'yan mintuna ne a ƙafa. Sunan ba a banza aka sa ba: a Kasimpasha Erdogan ya tashi, an haife shi a 1954, iyayensa mutanen Rize ne daga gaɓar Bahar Aswad, kuma ya buga ƙwallo a ƙananan ƙungiyoyi irin su Erokspor da ta hukumar motocin haya ta birnin kafin siyasa ta ɗauke shi. Ƙungiyar mai shuɗi da fari ta dawo babbar gasa a 2012, ta kuma yi shekara goma sha tana ciki ba ta faɗi ba, abin da ba ƙaramin aiki ba ne ga kulob ɗin da ke zaune a inuwar Galatasaray da Besiktas.

Ita ma tana da nata dangantakar da mu. Mai tsaron bayan Super Eagles Kenneth Omeruo ya buga mata a matsayin aro daga Chelsea a kakar 2015/16 da ta 2017/18, ya sake komawa a 2023. Ɗan Masar Trezeguet daga nan ya tafi Aston Villa a 2019. Shi kansa Diagne a Kasimpasha tauraronsa ya fara haskawa: ƙwallo 20 ya ci mata a rabin farko na kakar 2018/19, Galatasaray ta saye shi a watan Janairu, ya ƙare kakar da 30, ya fi kowa a gasar. Wato ƙungiya ce da ake zuwa a ga ɗan wasan da gobe manya za su yi rububinsa.

Abin da ya fi burge ni a wannan fili shi ne kusanci. Kujeru suna dab da layi, kana jin mai tsaron gida yana yi wa 'yan bayansa tsawa, kana jin ƙarar takalmi a jikin ƙwallo. A wasan da ba na manya ba filin ba ya cika, ba turereniya, uba na zuwa da 'ya'yansa, dattawa na ɓare 'ya'yan fulawar rana suna tofar da ɓawo. A bakin ƙofa masu gasa ƙofte, wato dunƙulen niƙaƙƙen nama, suna cusa shi cikin rabin burodi da albasa da tumatir, hayaƙin na bin titi. Wani zai ce me ya sa ba za a tafi kallon Victor Osimhen a Galatasaray ba? A je mana in an samu tikiti, amma samun sa wuya ne, kuɗinsa kuma ba na wasa ba. Idan ma ka yi sa'a Galatasaray ko Fenerbahce ce ta zo baƙunta Kasimpasha, to ka sani ranar tikiti zai yi tsada, 'yan sanda za su cika hanya, natsuwar da nake yabo kuma ba za ka same ta ba.

Akwai shiri guda da ya shafi filayen biyu, wanda bai yi shi ba a waje zai tsaya. Tun 2014 ba a shiga wasan Super Lig da tikitin takarda. Sai ka yi rajistar Passolig, wato katin shiga filin wasa, ta manhajar Passo, da fasfonka da hotonka, sannan ka sayi tikitin a ciki. Ka yi wannan tun kwanaki kafin wasa, kada ka bari sai ranar. Hukumar ƙwallon Turkiyya kan sanar da ainihin rana da lokacin wasa ne idan ya matso, don haka wasan da ka ɗauka na Lahadi ne yana iya komawa Asabar ko Litinin; a duba. Ana buga gasar daga Agusta zuwa Mayu, wanda ya zo a Yuni ko Yuli babu abin da zai gani. A ƙofa ana caje, ana karɓe sulalla da leta da kwalabe, saboda haka ka bar canjinka a otal. Kada kuma ka sa rigar wata ƙungiyar Turkiyya ka shiga cikin 'yan gida.

A fagen ƙwallo ke nan, Kasimpasha ta yi gaba da tazara mai yawa. A fagen ciki kuwa labari ya juya.

Gaskiyar magana, ƙarfin Karagumruk a abinci ba a cikin lungunanta kaɗai yake ba, a hanyar zuwa yake. Mai masauki a Laleli ko Aksaray ba ya bukatar mota. Ka haura ta Shehzadebashi, za ka ga wata doguwar gadar dutse mai bakuna hawa biyu ta ratsa saman titi, tsohuwar hanyar ruwa ce ta Rumawa tun ƙarni na 4. A gindinta akwai wani fili mai bishiyoyi da ake kira Kadinlar Pazari. Mutanen Siirt da maƙwabtansu daga kudu maso gabashin Turkiyya ne suka kafa sansani a nan: mahauta, masu zuma a cikin saƙarta, masu cuku mai ganye, masu busassun 'ya'yan itace da sabulun gargajiya. Abin da ke kawo mutane shi ne buryan.

Yadda ake yin sa ya isa kallo. Rami ne mai zurfi kamar rijiya, a hura itace a ƙasansa har ya zama garwashi, a rataya ɗan rago a ƙugiya a zura shi ciki, a ajiye tukunyar ruwa a ƙasa tana tarar kitsen da ke ɗiga, sannan a rufe bakin ramin a shafe gefen murfin da laka don kada tururi ya fita. Bayan kamar awa biyu a buɗe. Mai yanka na tsaye a bakin shago da gungumen katako a gabansa, ya sauke cinya daga ƙugiya, ya tambaye ka mai ƙashi ko marar ƙashi, mai kitse ko marar kitse, ya sassara, ya auna a sikeli, ya shimfiɗa a kan gurasa mai zafi, ya tura cikin tanda na ɗan lokaci har man ya jiƙa gurasar. Ba a sa masa komai sai gishiri. Bayan naman ya yi ƙamas, cikinsa kuma da yatsa ake raba shi. Ka nemi mai ƙashi, ka haɗa da ayran, kindirmon da aka dama da ruwa da gishiri, wanda a nan ake kawo shi da kumfa a kwanon tagulla. Ka je kafin azahar ko da azahar, lokacin da bai daɗe da fitowa daga rami ba. Wanda ya saba da yaji ya ce a ba shi pul biber, dakakken jan barkono, domin Turkawa ba sa cika zafi a girki.

Kusa da nan, ta ɗaya gefen babban titi, akwai shagon Vefa Bozajisi da aka buɗe tun 1876. Boza suke sayarwa, wadda da gero ake yin ta, a bar ta ta ɗan yi tsami. Ta fi kama da kunun gero mai kauri da aka bari ya huce, sai dai an barbaɗa kirfa a kai, ana kuma zuba gasasshen wake mai ƙwari da suke kira leblebi, a sha da cokali. Abin shan lokacin sanyi ne. Bahaushe zai ji daɗin ganin gero ya samu irin wannan daraja a birnin sarakuna, a shago mai daɓen marmara da ƙafafun mutane suka sissiɗe.

Daga nan sai Masallacin Fatih. Sultan Muhammad Fatih, wanda ya ci birnin a 1453, ya gina shi tsakanin 1463 da 1470. Girgizar ƙasa ta rushe shi a 1766, aka sake gina shi a 1771, kabarin sarkin kuma yana bayan alƙibla. Titunan da ke kewaye da shi yanzu cike suke da gidajen abincin 'yan Siriya da suka zo bayan 2011: shawarma, falafel, kayan zaƙi masu cuku, gasasshen kofi mai ƙamshi. Mai jin Larabci a nan zai sake, ya yi ciniki da bakinsa ba da yatsa ba. Ranar Laraba kuma titunan nan gaba ɗaya kasuwa suke komawa, kasuwar Charshamba, ɗaya daga cikin mafi girma da daɗewa a birnin, daga kayan miya har mayafai da kayan kicin. Hajiyoyinmu masu neman abaya da hijabi da dogayen riguna su bi titin Fevzi Pasha a hankali, shagunan suturar mutunci da na kayan amare jere suke hagu da dama.

Sai ka wuce duk wannan sannan ka shiga Karagumruk kanta, inda hayaniya ke raguwa. Da ka saki babban titi ka karya lungu, sai gidaje masu hawa huɗu ko biyar, shanya a baranda, tsohuwa na zuro kwando da igiya daga taga mai shago ya sa mata burodi, kyanwoyi kwance a kan motoci. Abincin nan na masu aiki ne. Ka nemi irin gidan abincin da suke kira esnaf lokantasi, inda tukwane ke jere bayan gilashi kana nunawa ana zuba maka: farin wake a jar miya da shinkafa, miyar adas, gauta da niƙaƙƙen nama, dafaffen rago da dankali. Da safe ko da dare akwai kelle pacha, farfesun kai da ƙafa, da tafarnuwa da ruwan tsami a gefe. Babu mai ja maka riga a ƙofa, babu takardar abinci mai hotuna da farashin baƙi.

Kasimpasha ba ta da wannan jerin gwanon. Gidajen abincin ma'aikata akwai su, masu kyau kuwa, musamman kewayen babban masallacin unguwa da titin Bahariye, kuma da yake mutanen Bahar Aswad suna da yawa a nan za ka samu nasu girkin: pide, doguwar gurasa mai cuku ko nama da man shanu na narkewa a kai, burodin masara, da hamsi, ƙananan kifin da ake birkima a garin masara a soya, wanda kakarsa lokacin sanyi ce. Amma abu guda take da shi da ya fi ƙarfin a raina, kuma ranar Lahadi kaɗai yake ci: kasuwar mutanen Inebolu.

Inebolu gari ne a lardin Kastamonu, a gaɓar Bahar Aswad. Manoma da 'yan sari sukan yi lodin amfanin ƙauyukansu ranar Asabar, su kwana a hanya, asuba ta yi musu a wani ɗan titi a Kasimpasha. Kasuwar ba ta da girma, a 'yan mintuna za ka kai ƙarshenta, amma masu dafa abinci na manyan gidajen cin abinci suna sammako su zo. Za ka ga man shanu a dunƙule ana yanka da wuƙa, ƙwan kajin gida a kwando da ciyawa, ƙaton burodin ƙauye mai nauyi, tafarnuwar Tashkopru da ta yi suna a duk ƙasar an kitsa ta kamar igiya, zuma mai duhu mai ɗan ɗaci, ganyayen daji iri-iri, da kaka kuma laimar kwaɗi irin wadda ake ci, ja-ja, a tsibe. Mai sayarwa zai yanko cuku a bakin wuƙa ya miƙo maka ka ɗanɗana kafin ka ce komai. Ka sayi burodi da man shanu da zuma, ka zauna a shagon shayi mafi kusa, ka karya kumallo. Wanda ya bari rana ta take zai tarar an tsince na kirki.

Mai sauran ƙarfi zai iya ƙarawa da Sutluje, gaba kaɗan a bakin ruwan Halich. Can ne babbar mayankar birnin take a da, ginin yanzu ya zama zauren taro, amma sana'ar da ta haifar tana nan: gasa uykuluk, wani farin nama mai taushi da ake cirowa daga wuya da ƙirjin ɗan rago ko maraƙi. Masu son kayan ciki ba za su yi da-na-sani ba.

Batun halal ba ya tayar da hankali a ko'ina cikin biyun, unguwannin Musulmi ne masu riƙo da al'ada. Bambancin shi ne maƙwabta. Karagumruk a tsakiyar Fatih take, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gidan giya ba. Kasimpasha kuwa da ka haura tudu ka shiga Beyoglu ta mashaya da gidajen rawa.

Ta fuskar ziyara da ibada ma Karagumruk ta fi nauyi. Masallacin Hirka-i Sharif yana nan kusa, wanda Sultan Abdulmajid ya gina a 1851 don ajiye alkyabbar da ake dangantawa ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wadda aka ce ya yi wasiyya a kai wa Uwaisul Ƙarni. A watan Ramadan ake buɗe ta ga masu ziyara, layi kuwa har waje. A cikin unguwar akwai zawiyar Shaihu Nuruddin Jarrahi. Idan ka miƙe har ƙarshen titi za ka iske Masallacin Mihrimah, 'yar Sultan Sulaiman, aikin babban magini Mimar Sinan, a kan tudu mafi tsayi a tsohon birni. Tagoginsa sun yi yawa har cikinsa da rana kamar a waje kake. Bayansa ganuwar birni ce ta ƙarni na 5 da Ƙofar Edirne, wadda ta nan aka ce Muhammad Fatih ya shiga. Masu kiwon tattabaru su tambayi kasuwar tsuntsaye da ke ci a wannan yankin a ƙarshen mako. Daga ƙofar kuma gangarawa kawai za ka yi zuwa Ayyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake.

Tarihin Kasimpasha na ruwa ne. A watan Afrilun 1453, da aka tare bakin Halich da sarƙa, ta tudu sojojin Muhammad Fatih suka jawo jiragensu wajen 70 a kan gungume, suka gangaro da su ta wannan kwarin. Bayan cin birnin nan ya zama matattarar ƙera jiragen yaƙin daular, shi ya sa unguwar ta tashi a matsayin ta maƙera da matuƙa da 'yan dako. Masallacin da ya cancanci tattaki shi ne na Piyale Pasha, shugaban rundunar ruwa, wanda aka gama a 1573, mai ƙubba shida a kan ginshiƙai biyu, da hasumiya a tsakiyar bangon ƙofa ba a kusurwa ba. Ba kasafai za ka ga ɗan yawon buɗe ido a can ba. Hanya mafi daɗi ta shiga unguwar ita ce jirgin fito na layin Halich daga Karakoy, da katin Istanbulkart ɗin da kake hawa tiram da bas. Jirgin ne kuma ke wucewa har Sutluje da Ayyub Sultan.

A ko'ina ka riƙe fasfonka a jiki, 'yan sanda kan tsayar da baƙi su duba takardu, musamman a Fatih. Kasimpasha tana maƙwabtaka da Tarlabashi da Dolapdere, inda bai kamata baƙo ya bi lungu shi kaɗai da dare ba. In an tashi wasa ka bi jama'a ta babban titi zuwa Shishhane. Ga mai ciwon gwiwa ko mai tafe da dattijo, Kasimpasha hawa da gangara ce, titin Fevzi Pasha kuwa a kan doron tudu yake tafiya, ga bas na bin sa har Edirnekapi, wato Ƙofar Edirne.

To, wa zai je ina? Wanda ya zo da iyali, ko Hajiya da ƙawayenta, ko malamin da ziyara ta fi damunsa, ko duk wanda ranar hutunsa ta faɗo Laraba ko cikin azumi, Karagumruk ce tasa, ya tafi a ƙafa daga Laleli, ya leƙa filin Vefa a hanya don girmama ƙungiyar da Ahmed Musa ya sa wa riga. Haka ma wanda ya zo a watannin da ba a buga gasa. Amma idan Lahadi ce, kuma jadawali ya nuna Kasimpasha tana gida, ni ba na ko tantama: a yi asuba, a tsallaka ruwa, a karya a kasuwar Inebolu, a yi azahar a Piyale Pasha, a ci wake da shinkafa kusa da babban masallaci, a shiga fili rabin awa kafin a take ƙwallo. Buryan yana nan kullum, kuma daga Laleli tafiyar ƙafa ce kaɗan, kana iya zuwa ranar Litinin tsakanin shago da shago.